Ganyen zaitun da zogale za su iya maye gurbin ƙwayar kwalastaral? Amsa ga wani mazaunin Jidda

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah direba, mazaunin Jidda, ɗan shekara 54, wanda yake da ciwon suga da hawan jini. Ya yi gwajin jini, takarda ta nuna LDL ɗinsa, wato mugun nau'in kwalastaral (wani irin kitse da ke cikin jini), ya kai 4.4, likita ya rubuta masa ƙwayar rage kwalastaral mai suna atobastatin, mai miligiram 20, amma bai fara sha ba, domin an gaya masa cewa wanda ya fara ba ya dainawa, kuma wai tana cin hanta. Wani mai shagon ganyayyaki ya haɗa masa busasshen ganyen zaitun da kafson koren shayi, iyalinsa sun aiko masa da garin zogale daga Kano ta hannun masu zuwa Umara, maƙwabcinsa ɗan Sudan kuma ya ba shi shawarar zoɓo da wani ganye da ake kira harjal. Yana son sanin ko waɗannan za su wadatar da shi, ya bar ƙwayar asibiti.

Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya. Amsata a matsayina na mai harhaɗa magunguna ita ce ba za su wadatar da kai ba, ko da yake wasu daga cikinsu suna da amfanin da aka gwada aka gani. Abin da ya sa na faɗi haka lissafi ne, kuma zan kawo maka shi ka duba da kanka.

Ɗauko takardar gwajin taka. Za ka ga layi huɗu: jimillar kwalastaral, da LDL, da HDL, da tiraigilisaraid. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne LDL, domin shi ne yake ratsa bangon jijiyar jini ya zauna a ciki, shekara da shekaru yana taruwa, har wata rana wurin ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Idan jijiyar zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciyar da ke kayar da mutum nan take, idan kuma ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Dakunan gwaji a nan Saudiyya wasu suna rubuta sakamako da milimol, wasu da miligiram, kuma milimol 1 daidai yake da miligiram 39 ko ƙasa kaɗan, saboda haka 4.4 ɗinka kusan 170 ke nan a ɗaya ma'aunin. Ga mai ciwon suga da hawan jini a irin shekarunka, ƙa'idojin likitocin zuciya suna neman a sauko da shi ƙasa da 1.8, kuma ko mai sassauci ba zai yarda ya wuce 2.6 ba. Ke nan abin da ake nema a rage maka ya kama daga 1.8 zuwa 2.6. Riƙe wannan adadi, domin da shi za mu auna kowane ganye.

Yawancin kwalastaral ɗin da ke jikin mutum hantarsa ce take yin sa, abinci yana kawo ɗan kaso ne kawai, shi ya sa ake samun siriri mai kwalastaral da yawa. Sannan yawansa ba ya sa ciwon kai ko nauyin jiki ko kasala, don haka mutumin da ya sha jiƙo na mako biyu ya ce ya ji jikinsa ya yi sakayau bai ba mu labarin LDL ɗinsa ba ko kaɗan. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗa.

Ganyen zaitun yana cikin waɗanda suka fi hujja a cikin abin da ke hannunka, kuma samunsa ba wuya a ƙasar da ke da gonakin zaitun irin na Jauf. Sinadarin da ake dogara da shi a cikinsa shi ne oliyurofin, wanda ke ba ganyen ɗacinsa. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Indonesiya, inda aka ba masu hawan jini matsakaici tataccen ganyen zaitun miligiram 500 sau biyu a rana har mako 8, aka kwatanta su da masu shan kaftofiril, wani maganin hawan jini na asibiti, sai jinin ɓangarorin biyu ya sauka kusan daidai, da maki 11 zuwa 13 a lambar sama. A 2017 wani gwajin a kan maza 60 ya nuna saukar LDL da kimanin 0.2 bayan mako 6. Amma a 2021 masu bincike a Holan sun ba mutum 77 masu ƙiba da ɗan hawan kwalastaral irin wannan tataccen ganye na mako 8, ba su ga wani canji a kitsen jininsu ba. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne ganyen yana ɗan taɓa hawan jini, kwalastaral kuwa ko ya taɓa da 0.2 ko bai taɓa ba.

Lura kuma cewa duk waɗannan gwaje-gwaje da tataccen ganye aka yi su, wanda aka auna yawan sinadarin da ke cikin kowace ƙwaya. Wanda kake tafasawa a buta wani abu ne daban. Ƙarfinsa ya danganta da irin bishiyar, da lokacin da aka tsinko shi, da ko a inuwa aka shanya shi ko a rana, da tsawon zamansa a buhu a cikin zafin Jidda da danshinta, da minti nawa ya yi a kan wuta. Kofin yau da na gobe ba ɗaya ba ne, kuma babu mai iya gaya maka miligiram nawa ka sha.

Koren shayi an yi masa gwaje-gwaje da yawa a wannan fanni, kuma sakamakon bai cika saɓawa ba: yana rage LDL, amma da kaɗan ƙwarai. Da aka haɗa gwaje-gwaje 14 a 2011, ragin LDL ya tsaya a kan miligiram 2 da 'yan kai, wani haɗin da aka yi a 2020 na gwaje-gwaje 31 kuma ya sami miligiram 4 zuwa 5, wato kimanin 0.1 a ma'aunin takardarka. Shan sa kofi biyu ko uku a rana ba tare da suga ba abu ne mai kyau. Kafson da aka sayar maka ne nake jin tsoro. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa shan sinadarin koren shayi mai suna EGCG har miligiram 800 ko fiye a rana ta hanyar kafso yana da alaƙa da tashin ma'aunin hanta, wato lambobin gwajin jini da ke nuna hanta ta taɓu, kuma an sha kwantar da mutane a asibiti da ciwon hanta saboda irin waɗannan kafso, musamman waɗanda ake sha da yunwa domin rage ƙiba. Abin mamaki ne mutum ya guji atobastatin don tsoron hantarsa, ya koma ga abin da aka san yana taɓa hanta, ba tare da mai duba shi ba.

Akwai wani ganye da ba ka ambata ba, amma za ka gan shi a kantunan magani, wato ganyen harshuf, wanda Turawa ke kira artichoke. A Jamus a 2000 an gwada shi a kan mutum 143, jimillar kwalastaral ta sauka da kashi 18.5 cikin 100, masu shan ƙwayar bogi, wadda babu magani a cikinta, kuma tasu ta sauka da kashi 8.6. A Ingila a 2008 aka sake gwada shi a kan mutum 75 na mako 12, ragin bai wuce kashi 4 da ɗan abu ba. Yana sa madaciya ta matso ruwanta, don haka mai tsakuwa a madaciya ya nisance shi.

Zogale kuwa, na san matsayinsa a wurinmu, kuma a matsayin abinci ba ni da abin cewa sai yabo: yana da furotin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin, kwaɗonsa kuma ya fi soyayyen abu nesa ba kusa ba. Amma sunan da ya yi a matsayin maganin kwalastaral daga ɓeraye ya samo shi. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambata an yi shi ne a Najeriya a 2000, a kan ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo. Ɓera ba ya sarrafa kitse kamar mutum, yawancin kwalastaral ɗin jininsa a cikin HDL yake, wato nau'in da ba shi ne ke toshe jijiya ba, jijiyoyinsa ba su cika toshewa irin namu ba, kuma adadin da ake ba shi idan aka auna da nauyin jiki ya fi abin da mutum zai iya haɗiyewa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na 'yan makonni, wasu sun ga ɗan ragi, wasu ba su gani ba. Harjal ɗin maƙwabcinka ma a nan yake, hujjarsa a kan kitsen jini mafi yawanta ta dabbobi ce. Haka shuwaka da ganyen gwaiba.

Zoɓo ba ganye ba ne, ɓawon furen yakuwa ne, amma tunda yana cikin tambayar, ga abin da aka sani. A Amurka a 2010 an ba mutum 65 kofi uku a rana na mako 6, lambar sama ta hawan jininsu ta sauka da maki 7, ta waɗanda aka ba ruwan bogi kuma da maki 1. A kan kwalastaral sakamakon ya rarrabu. Kuma yana iya shiga tsakanin mutum da maganinsa: tun a 1994 masu bincike a Sudan suka nuna cewa shan zoɓo ko tsamiya ko lemun tsami tare da kulorokwin yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Zoɓon da ake sayarwa a roba mai sanyi, wanda aka zuba wa suga har ya yi kauri, ga mai ciwon suga cutarsa ta fi amfaninsa.

Yanzu mu tara. Ko da mun yi wa kowane ganye kyakkyawan zato, zaitun ya ba da 0.2, koren shayi 0.1, zogale da zoɓo su ƙara wani 0.2, kuma muka ɗauka cewa amfaninsu yana haɗuwa, abin da ba a tabbatar ba, za ka tashi daga 4.4 zuwa wajen 3.9. Atobastatin mai miligiram 20 ita kaɗai tana rage kusan kashi 43 cikin 100, wato za ta kai ka wajen 2.5, idan aka ƙara ta zuwa 40 kuma ragin yana kusantar rabi. Misalin ganyen kamar mutumin da ake bi riyal 2000 ne ya zo da riyal 400: ba a ce bai kawo komai ba, amma bashi yana nan. A 2022 wani babban asibitin zuciya da ke Cleveland a Amurka ya yi irin wannan kwatanci kai tsaye a kan mutum kusan 200 na kwana 28. Rosubastatin, 'yar uwar atobastatin, mai miligiram 5 kacal ta rage LDL da kimanin kashi 38 cikin 100, yayin da tafarnuwa da kirfa da kurkum da man kifi da sauran abubuwa biyu da aka gwada ba su fi ƙwayar bogi ba.

Akwai kuma abin da ya fi lambar takarda muhimmanci, wato ko maganin yana hana bugun zuciya da shanyewar jiki. A kan mutane irinka aka amsa wannan. A 2004 an buga sakamakon gwajin da aka yi a Birtaniya da Ayalan a kan masu ciwon suga 2,838 waɗanda ba su taɓa yin ciwon zuciya ba, aka ba rabinsu atobastatin miligiram 10. Manyan matsalolin zuciya sun ragu da kashi 37 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki da kashi 48, har aka tsayar da gwajin shekara biyu kafin lokacinsa domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran rabin. A 2010 da aka haɗa bayanan mutum 170,000 daga gwaje-gwaje 26, an ga cewa duk milimol 1 da aka rage na LDL yana rage irin waɗannan matsaloli da kimanin kashi 22 cikin 100. Babu ganye ko ɗaya a cikin waɗanda muka ambata da aka bi dubban masu shansa shekaru aka ƙirga nawa suka tsira.

Masu cewa na asibiti sinadari ne, na ganye kuma halittar Allah ce, sun raba abin da ba ya rabuwa. Sitatin shi ne sunan dangin magungunan da atobastatin take ciki, kuma ta farko daga funfuna aka samo ta, wani masani ɗan Jafan mai suna Akira Endo ya tace ta a shekarun 1970, kuma a 1987 aka fara amincewa da wata 'yar uwarta a kasuwar Amurka. Dijoksin, tsohon maganin zuciya, daga ganyen wani fure na Turai yake, kuma likitan Ingila William Withering ya rubuta a kan irin wannan fure tun 1785, ya nuna cewa tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kashewa tazara kaɗan ce. Tumfafiyar da ke tsirowa a kowane fili daga nan har gida tana da dangin wannan sinadari, haka furen dafla da ake shukawa a bakin tituna, kuma dukansu suna iya tsayar da zuciya. Aikin masana'antar magani shi ne ta ware sinadarin, ta auna shi, ta sa ƙwayar yau ta zama daidai da ta gobe.

Maganar cewa wanda ya fara ba ya dainawa gaskiya ce ta wata fuska, amma ba jaraba ba ce. Maganin yana rage aikin da hanta take yi na ƙera kwalastaral, idan aka daina sai hanta ta koma yadda take, lamba ta koma inda ta fito cikin 'yan makonni, ba ta fi da ba. Ganyen ma haka yake. Game da hanta, kusan mutum 1 cikin 100 ne ma'aunin hantarsa ke tashi sosai, yakan sauka idan an rage ko an canza, kuma mummunan lahani abu ne mai wuyar samu. Ciwon tsoka shi ne ƙorafin da muka fi ji a kanti. Yana faruwa, amma a wani gwaji da aka yi a Landan a 2020 a kan mutum 60 da suka daina sitatin saboda ciwon jiki, kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji sun ji shi har a watannin da ƙwayar bogi suke sha ba su sani ba. Idan dai ka ji ciwon tsoka mai tsanani tare da rauni, ko fitsarinka ya yi duhu kamar shayi, ka dakata ka ga likita a ranar. Maganin yana iya ɗan ɗaga suga, amma ga mai ciwon suga ribarsa ta rinjayi wannan nesa.

Abin da ya fi damuna da haɗin masu shago shi ne wanda aka niƙa aka ƙulle a leda babu suna. Sau da yawa ana zuba sanamaki a ciki, wanda muke kira filasko, domin mai sha ya yi zawo ya ce magani yana wanke kitse. Kwalastaral ba ya fita ta wannan hanya, abin da ke fita shi ne ruwa da fotasiyam, kuma ƙarancin fotasiyam yana rikita bugawar zuciya, musamman ga mai shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. Ruwan sus, wato jiƙon wata saiwa mai zaƙi da ake sha a watan azumi, shi ma yana ɗaga jini ya zubar da fotasiyam. Garehul, wani babban dangin lemu, yana ƙara ƙarfin atobastatin da 'yar uwarta simbastatin a jini, don haka a guji yawan shansa. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, kada ya fara cin zogale da yawa kwatsam, domin bitamin K da ke cikin koren ganye yana rage aikinta. Kai kuma da kake tuƙi tsakanin Jidda da Makka, ka sani cewa zogale da ganyen zaitun suna iya ƙara saukar da suga, idan kana kan insulin ko ƙwayoyin da ke sa jiki ya ƙara samar da insulin, jiri a kan sitiyari ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya tana yawan fitar da gargaɗi a kan kayan ganye marasa rajista da aka samu an cakuɗa su da magungunan asibiti a ɓoye, saboda haka duk abin da za ka saya ya zama mai rajistarta, da sunan ganyen da adadinsa a jikin kwalin.

Inda tsirrai suka fi yi maka aiki shi ne cikin tukunya. Abinci mai yauƙi da sha'ir da hatsin ot da wake suna da wani irin zare mai narkewa wanda ke kama ruwan madaciya a hanji ya fita da shi, sai hanta ta ja kwalastaral daga jini ta yi wani. Giram 3 a rana na wannan zare daga ot ko sha'ir yana rage LDL da kashi 5 zuwa 7 cikin 100, wanda ya fi abin da koren shayi ke yi. Talbina ba suga da safe, miyar kuɓewa ko lalo ko karkashi ko kuka da rana, ful ko wake da man zaitun a maimakon samna, duk suna kan wannan hanya, muddin ba a malala musu manja da man shanu ba. Sai ka rage soyayyar kaza da fatarta, da kitsen ragon mandi, da ma'asub mai kirim, da shawarmar dare. Gahawar da aka tafasa ba a tace da takarda ba tana ɗauke da wani mai da ke ɗaga kwalastaral, don haka finjali biyu ko uku sun isa. Idan kana shan taba ko shisha, barinta ya fi duk ganyen da ke cikin wannan amsa amfani ga zuciyarka.

Shawarata ita ce ka fara atobastatin yadda likita ya rubuta, sau ɗaya a rana a lokacin da ba za ka manta ba, domin ita ba dole sai da dare ba, a watan azumi kuma bayan buɗa baki. Ka ajiye kafson koren shayin. Zogale ka ci shi a matsayin abinci, cokali ɗaya a miya ko kwaɗo, ganyen zaitun da zoɓo marar suga kuma kofi ɗaya ko biyu a rana, kana auna jininka da sugarka a makonnin farko, kuma ka raba su da lokacin shan ƙwaya da awa biyu. Ka kwashi duk ledojin da kwalaben ka kai wa likitanka ya gani da idonsa, ka roƙe shi ya duba maka ƙoda da hanta da maƙoƙo, wato ƙullin wuya da likitoci ke kira tayirod, domin raunin aikin maƙoƙo da ciwon ƙoda suna ɗaga kwalastaral. Bayan mako 6 zuwa 12 ka sake gwaji a ɗakin gwajin da ka yi na farko. Idan akwai wanda ya yi bugun zuciya a danginku kafin ya kai shekara 55, ka faɗa wa likita, 'ya'yanka ma a gwada su, domin akwai nau'in da ake gado wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250. Idan kuma wata rana ka ji nauyi ko matsi a ƙirji yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko gumi ya karyo maka da ƙarancin numfashi, ka tsayar da mota a gefen hanya ka kira 997 ko 911, kada ka tuƙa kanka zuwa asibiti.